Kafin Ka Kayar Da Darbejiyar Nan

Ɗan ƙanwata ya sayi fili awon igiya can wajen Janguza a Kano, ya zo yana nuna mini zanen gidan a waya. Gini ya cinye filin kaf, katanga zuwa katanga, falon gilashi yana kallon yamma, darbejiya biyu da ya tarar a wurin kuma har ya yi ciniki da mai inji zai kayar. Na ce, "To ina tsakar gida?" Ya ce, "Kawu, ai yanzu an daina." Wai an daina!

Da na yi masa faɗa, amma da wane bakin? A soron ƙasa na tashi a cikin gari, ginin tubali, rufin azara, bangon da kaurinsa ya kai kamu. Ranar Afrilu tana dukansa tun safe, amma zafin ba ya ratsowa sai dare, lokacin mun shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Da na samu kuɗi, abin da na fara gudu ke nan. Na yi nawa a Ɗorayi da bulo mai inci shida, na rufa kwano, na sa silin ƙasa-ƙasa don in rage bulo, ɗakin kwana a ɓangaren yamma. Mangwaron da ke filin na sare saboda mota. Abin da ya rage na tsakar gida na shafe da siminti.

Ina da hujja fa. Wanda bai taɓa kwana yana tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo ba, shi ke yabon soro a baki. Yaɓe duk shekara, ga gara, ga magina masu sanin makuba da katsi sun yi ƙaranci. Kuma wa zai kai amarya ɗakin ƙasa a lokacin, a ce ya samu aiki? Man janareta ma a lokacin da araha yake. Sai da aka janye tallafin fetur a 2023 na san abin da na gina. Ƙarfe goma na dare ka ɗora hannu a bangon ɗakina, ɗumi kamar gefen tanda. Filin kuwa ashe tsohon kududdufi ne aka cike da shara. Da rani na saya, dillali bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Ruwan da ramin yake shanyewa yanzu falona yake nema, fenti yana kumbura daga ƙasa, simintin da na shafe ya hana ƙasa shan ko ɗigo.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu in magana ta wuce minti ɗaya kun koma waya. Kada ku biya kuɗin fili sai kun gan shi a Agusta, bayan an tafka ruwa. Ku bar bishiya, a karkata ginin saboda ita. Tagogi su kalli kudu da arewa, suna fuskantar juna don iska ta ratsa, yamma kuma a ba wa sito da banɗaki. A ɗaga silin.

Ku yi da ƙasa, in ji ni. Ku je Gidan Makama, gidan tarihin nan, da tsakar rana ku ji yadda ɗakunan suke. Sai dai in gaskiya za a bi, ni kaina ba zan koma ba, don duk damina sai an ji ginin ƙasa ya rufta a cikin gari. Aƙalla a ɗora shi kan tushen dutse da siminti, a fito da rufi ya kare bango. In ba za ku iya ba ku yi bulon, amma mai inci tara.

Yaron ya ce zai sa sola da AC. Batirin da zai ɗauki AC har asuba, na ce ya je Sabon Gari ya tambayo farashinsa, sannan ya dawo mu yi maganar gilashin.