Abin da Aikin Ƙawata Wurin Biki Ya Koya Mini a Jidda

Duk uwar amaryar da ta kira ni aikin ado, kafin mu yi maganar kuɗi sai na tambaye ta launin ankon da aka fitar, da kuma su wa za su zo daga gida. Wasu sukan yi mamaki, don sun riga sun tara hotuna a waya suna jiran in ce zan iya ko ba zan iya ba. Matar da na koyi sana'ar a hannunta, wata dattijuwa a Hindawiyya wadda iyayenta suka zo aikin hajji ta ƙasa suka zauna, ita ta ɗora ni a kan wannan hanya. Takan ce mini, "'Yata, mata ɗari biyu cikin leshi iri ɗaya su ne rabin adonki, kuma ba ke kika biya ba." In anko ja ne da ruwan gwal, sai in bar tebura da labule a launin madara, mata su cika sauran da jikinsu. In kuwa aka zuba wani launi mai ƙarfi a bango yana gasa da ankon, ido gajiya yake yi, amarya ma ta ɓace a tsakiya.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. Bikin Bahaushe a Jidda ko Makka taron mutane iri biyu ne a zaure ɗaya. Ga 'yan matan da aka haifa a nan, Larabci ya fi zama a bakinsu, suna son kosha, wato dandamalin da amarya ke zama a kai, irin ta ƙawayensu 'yan Hijaz. Ga kuma gwaggonni da innoni, wasu daga Shari Mansur da ke Makka, wasu sun haɗa umara da biki sun taso daga Kano ko Katsina. Waɗannan ba za su iya awa biyar a kan siririyar kujerar ƙarfe ba, komai kyan ƙyallen da aka ɗaura mata. Shi ya sa ba na rasa ware musu kusurwa guda da darduma mai kauri da tum-tum da matashin jingina, inda za su hangi amarya sosai amma nesa da lasifika. A nan ake yanke hukunci a kan bikin. Abin da tsofaffin nan suka faɗa da suka koma gida shi ne labarin da zai zauna a dangi.

Sai da na daɗe a aikin kafin na gane yadda tsarin bikin nan yake juya lissafin ado. Maza da mata ba sa haɗuwa. A ɓangaren mata, yawanci amarya ba ta shigowa sai dare ya raba, abinci kuma sai bayan ta zauna. Gidaje da yawa ana karɓe waya a ƙofa ko a rufe mata kyamara, saboda mata sun cire abaya. To, katafaren bangon furen da ake kafawa a bakin ƙofa don ɗaukar hoto, wa zai ɗauka a gabansa? Kuɗinsa gara a kai shi kosha da hanyar da amarya za ta taka lokacin zaffa, wato rakiyarta cikin zaure, don nan ne mai hoto ta gida za ta tsaya. Akwai kuma ƙaramin abin da ba a gani a hotunan Instagram: in aka sanar ango zai shigo da 'yan'uwan amarya maza, kowace mace za ta nemi abayarta da mayafi a lokaci ɗaya. Rigar kujerar da ke da aljihu a baya, ko ɗan kwando a ƙarƙashin tebur, ya fi mini kowace kwalbar fure amfani.

Fitila ita ce abin da na fi faɗa a kai da masu zaure. Farin haske mai ratsin shuɗi yana mayar da baƙar fata toka-toka, ya kashe kwalliyar da aka ɓata yini ana yi. Haske mai ɗumi, wanda ya karkata ga ruwan ɗorawa, shi ke fito da fatarmu da gwal da jan lalle. Nakan je da rana in sa ɗaya daga cikin yaran aikina ta zauna a kan kosha a gwada fitilu a fuskarta, ba a kan farin labule ba.

Fure kuwa, Jidda ba ta yi masa adalci. Zafi da gumin teku suna kwantar da shi tun a mota, don haka ɗanyen fure shi ne abu na ƙarshe da ke shiga zaure, bayan na'urar sanyi ta kama. Wardin Ɗa'ifa da ake ta yabo, lokacinsa Maris da Afrilu ne kawai, kuma yawancinsa turare da ruwan wardi ake yi da shi. Ba ya jure tsayuwa a kwalba, amma in aka watsa shi a tire ko a hanyar amarya, ƙamshinsa ya ishi zaure. Ful ɗin Jizan, wani farin fure mai ƙamshi da ake shiryawa a zare kamar sarƙar wuya, ya fi rahusa, kuma dare ne lokacin ƙamshinsa. Sama, inda hannu ba ya kai, na roba nake sawa ba tare da jin kunya ba.

Inda na fi jin daɗin aikin shi ne kayan gida. Faifai masu launi a jere a bangon kosha, ƙwarya mai zane cike da dabino, alkaki da dubulan da nakiya a cikin tasa kusa da butar gahawa, zane mai shuɗi irin na marinar Ƙofar Mata a shimfiɗe a kan teburin lefe, dagin arewa da aka yanka a katako aka haska ta baya. Amma a nan ma akwai iyaka. Na sha ganin inda aka kwaso turmi da taɓarya da tulu da bukkar ciyawa aka jibge wuri ɗaya, zaure ya koma kamar rumfar baje koli. Amaryar da ta tashi a Jidda ba ta taɓa daka ba, kuma ƙawayenta sun sani. Abu ɗaya ko biyu na gaske, musamman wanda aka aro daga ɗakin kakarta, ya fi cika ido. Wata Hajiya ta taɓa riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Ke 'yar nan, ina kika samo faifan nan? Irinsa aka kai ni da shi." Na surukarta ne, daga ƙasan akwati aka ciro shi.

Daren sa lalle, wanda a nan yakan haɗe da gumra ta mutanen Hijaz mai ja da kore da gwal, aikin ƙasa ne. Hannu da ƙafa za su daɗe a jiƙe, saboda haka zama ya zama ƙasa-ƙasa, da matashin ɗora hannu, da shimfiɗa mai duhu wadda tabon lalle ba zai lalata ba. Farin yadi a wannan dare asara ne.

Abin da ba na sassauci a kai shi ne wuta. Bikinmu ba ya yiwuwa ba turaren wuta, kasko yana yawo da garwashi tsakanin tebura, yadin ado kuma yawancinsa roba ne da ke narkewa nan take. Tsofaffin ma'aikata har yau suna tuna gobarar tantin biki a Ƙudaih, yankin Ƙaɗif, a 1999, wadda ta ci mutane da dama, akasarinsu mata da yara. Ba na sauke labule har ƙasa a inda kasko zai wuce, kyandir na batir nake sawa, kuma ko uwar amarya ta roƙe ni ba na rufe ƙofar fita da yadi don wai ta ɓata kyan bango.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Yadi a kasuwar Bab Sharif, tsofaffin darduma da fitilu a kasuwar Sawarik, harajin kashi 15 cikin 100 da ya hau tun 2020 a faɗe shi tun farko kada ya zama rigima daga baya. Daren Alhamis da na Juma'a sun fi tsada, haka bayan ƙaramar salla da hutun makaranta. Wanda ya yarda da tsakiyar mako a istiraha, wato gidan hutu da ake haya don taro, rarar za ta ishe shi kosha mai kyau. Ɓangaren maza ba ya cin komai: shimfiɗa mai tsabta, gahawa da ba ta yankewa, turare a ƙofa.

Biki yakan tashi gab da asuba, mai zaure kuma yana son wurinsa kafin hantsi don wani bikin na tafe. Saboda haka duk abin da zan kafa, tun a takarda nake tunanin yadda mata uku da suka kwana a tsaye za su kwance shi. Ƙusa da gam na daina, sai igiya da maƙalai, kuma faifan aro da tasoshin mutane su ake fara tattarawa a ƙirga kafin a taɓa labule.