Yadda Hajiyarmu ta rabu da omeprazole

A gidajenmu da yawa akwai dattijo ko dattijuwa da ke shan omeprazole kullum, shekara da shekaru, kuma babu mai iya tuna likitan da ya fara rubuta shi. Hajiyarmu na cikinsu. Ƙwannafi ne ya matsa mata, aka ce olsa ce ba tare da wani gwaji ba, shi ke nan maganin ya shiga cikin cefane. Duk wanda zai fita sai ta ce, "Ka biya kemis ka sayo min na olsa." Katin maganin yana cikin jakarta tare da carbi da goro, gefensa duk ya lanƙwashe.

Ta sha gwada bari. Kwana kaɗan sai zafin ya taso mata har maƙogwaro, ya fi na da, sai ta ce ai ga shi nan, ciwon bai tafi ba. Wannan zafin shi ne ya ɗaure ta, kuma shi nake so mutane su gane. Omeprazole da 'yan uwansa, irin su esomeprazole da pantoprazole, suna toshe wuraren da bangon ciki ke fitar da asid. Idan an daɗe ana sha, jiki yana ƙara yawan wani sinadari mai suna gastrin don ya matsa wa cikin ya yi aiki. Ranar da aka daina lokaci guda, asid ɗin sai ya kwararo kamar ruwan da aka tare a kwata aka buɗe, kuma hakan kan ɗauki makonni kafin ya lafa. A 2009 masu bincike a Denmark sun gwada wannan a kan mutum 120 masu lafiya ƙalau. An ba rabinsu esomeprazole na mako 8 sannan aka janye, kashi 44 cikin ɗari suka fara kukan ƙwannafi da ɓacin ciki, alhali da ba su da shi.

Dalilin da ya sa na dage mu ga likita shi ne shekarunta. Daɗewa a kan maganin na iya rage bitamin B12 da magnesium a jiki, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2010 kan haɗarin karayar ƙashi ga masu shan sa da yawa ko na dogon lokaci. Abin da ya fi ci min rai kuwa, duk tsawon shekarun nan ba wanda ya nemi tushen ciwon. Tun 1982 Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya cewa ƙwayar cutar H. pylori ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, har aka ba su lambar Nobel a 2005. Gwajin bayan gida yana nuna ta, amma sai an ajiye omeprazole na mako 2 tukuna, in ba haka ba tana iya ɓuya. Waɗannan makonnin Hajiya ta ji jiki, maganin ruwa na kwantar da asid ne ya riƙe ta. Da sakamako ya fito, ƙwayar na nan. Aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta iri biyu tare da omeprazole na kwana 14. Likitan ya kuma hana ta diclofenac da take sha don gwiwa, domin shi kansa yana cin bangon ciki.

Bayan nan aka bi a hankali. Daga safe da dare aka koma safe kaɗai, daga baya yau a sha gobe a huta, da famotidine, wani maganin rage asid, a daren da zafin ya taso. Tuwon dare muka dawo da shi bayan magariba, ba ta kwanciya sai an yi awa uku, ƙanena ya sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gadon ta wajen kai. Goro ne ya fi ba ta wuya, ta rage dai ba ta bari ba. Wata maƙwabciya ta kawo shawarar ruwan kanwa, likitan ya ce sam, saboda tana da hawan jini. Yanzu sai ta yi watanni ba ta nemi maganin ba, alhamdulillahi.

Don Allah kada wani ya karanta wannan ya zubar da maganinsa. Wanda gyambonsa ya taɓa zubar da jini, ko yake shan asfirin kullum don zuciya, ko aka leƙa da na'ura aka ga asid ya lalata masa hanyar abinci, sau da yawa dole ne ya ci gaba da sha, likitansa ne zai yanke. Wanda kuma ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko yana aman jini, ko haɗiya na yi masa wuya, ko yana ramewa ba dalili, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya kemis.