"Sau nawa ka maimaita?"

Da na fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje, na zaci nan da 'yan shekaru gurgu zai miƙe a hannuna. Ashe canjin ruwa aka ɗauke ni in yi. Iyayen ƙwayoyin halitta, wato waɗanda ke iya rikiɗa su zama jini ko jijiya ko tsoka, ba ruwansu da ranar hutu. Kullum sai ka zuƙe tsohon ruwan abincinsu, ka zuba sabo, ka mayar da su akwatin ɗumi mai digiri 37. Ruwan jaja-jaja ne; in ka tarar ya koma rawaya, gabanka ya faɗi.

Wata huɗu ina lallaɓa wasu su zama tsokar zuciya. Wata safiya na leƙa madubin ƙara girma, sai ga wani ɗan curi yana bugawa, dal-dal, shi kaɗai a faranti. Na ruga wurin Malama. Ta duba ta ce, "Ya yi kyau. Sau nawa ka maimaita?" Na ce ɗaya. "To ba ka ga komai ba tukuna."

Na ji haushi, ba ƙarya. Amma na sake sau uku, ko motsi. Daga baya muka gano kwalbar sinadari ɗaya ce aka canza, ni kuwa ban rubuta lambar ta farko ba. Tun ranar littafina ya fi na kowa ƙazanta.

Zumuɗin nan ya kayar da manya. Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu ya girgiza duniya a 2004 da 2005 da iƙirarin samar da iyayen ƙwayoyin halitta ta hanyar kwafar ɗan tayin mutum, a 2006 aka janye takardunsa saboda ƙage. A 2014 aka yi shelar cewa ɗan ruwa mai tsami kawai zai mayar da gama-garin ƙwayar halitta yarinya ɗanya, wato ta koma uwa. Kowa ya gwada ya kasa, aka janye cikin 'yan watanni. Shinya Yamanaka kuwa ya bi ƙwayoyin gado 24 yana cire su ɗaya-ɗaya har suka rage 4 masu mayar da gama-garin ƙwayar halitta uwa a 2006, wasu suka gwada, ya yi. Bambancin ke nan.

Abin da har yau ban saba da shi ba, wayar iyayen marasa lafiya. Wani uba ya kira ni, ɗansa na fama da sikila, an ce masa akwai inda ake allura ɗaya a warke. Na ba shi labarin Donnall Thomas, wanda majinyata shida na farko da ya yi wa dashen ɓargo a 1957 ba wanda ya rayu, bai samu kyautar Nobel ba sai 1990. Na ce masa dashen ɓargo gaskiya ne, yana warkar da wasu, amma yana da haɗari, allura ɗayan nan kuwa a tambaye su wa ya gwada, a ina aka buga.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To likita, yaushe naku zai fito?" Na kalli agogo. Lokacin canjin ruwa ya yi.