Ledar rasit ɗin Alhaji

Ofis ɗina ɗaki biyu ne a saman wani shagon kayan waya a nan Kano, ni da wani yaro da ya fito daga makarantar lauyoyi bara, sai sakatariya, sai firinta wadda ba ta aiki sai ta ga dama. Yawancin abin da ke shigo mana rigimar kuɗi ce ta 'yan kasuwa, Dawanau, Singa, Kwari.

Mutane sun ɗauka aikinmu shi ne a sa baƙar riga da hular gashi a miƙe ana zuba turanci gaban alƙali. Wallahi kafin a kai nan an riga an sha wuya. Tun da Legas ta kawo sabon tsari a 2004 sauran jihohi suka bi sahu, ba ka zuwa babbar kotu hannu rabbana, ranar da za ka shigar da ƙara ranar za ka haɗa sunayen shaidu da bayaninsu na rantsuwa a rubuce da kwafin duk takardar da za ka dogara da ita. Wanda ake ƙara ma haka.

To wani Alhaji mai harkar riɗi masu kawo masa kaya suka maka shi a kotu a kan cikon kuɗin kaya. Na zaunar da shi na ce Alhaji akwai abin da kai ma kake bin su? Ya ce mota ɗaya ce suka kawo da yashi a ciki. Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan Barista. Muka shigar da kariya, muka ɗora tamu ƙarar a kai, abin da muke ce wa kanta-kilem. Ita wannan ƙara ce mai zaman kanta fa, ko mai ƙara ya janye tasa gobe, taka tana nan daram sai an yi mata hukunci.

Wata biyu bayan nan, muna tsakiyar zaman share fage, wanda alƙali ke tara lauyoyi a tace abin da aka yarda da shi da abin da ake jayayya a kai, a kuma duba ko sulhu zai yiwu, sai ga Alhaji da baƙar leda. Rasit, takardun lodi, wasu duk mai ya ɓata su. Ashe motoci uku ne, har da kuɗin da ya tura musu na kayan da ba su taɓa zuwa ba. Na ce Alhaji don Allah me ya hana ka faɗa tun farko? Wai yana jin nauyin surukinsa ne da ya haɗa cinikin.

Dole mu gyara ƙarar da muka shigar, kuma gyara ba wai a goge lamba a rubuta wata ba ne. Sai ka shigar da moshan, wato takardar neman izinin kotu, da takardar rantsuwa, ka maƙala kwafin gyaran, ka sake bayanin shaidu, a rajista su sake lissafin kuɗin fayil tunda da'awa ta ƙaru. Lauyan can ɓangaren ya tashi ya ce muna ja da lokaci ne, ya nemi kuɗin ɓata lokaci, kuma gaskiya da ni ne a kujerarsa haka zan yi. Sa'ar da muka ci ba a fara jin shaidu ba, a wannan matakin kotu ba ta cika hana gyara ba in dai ba zai cuci ɗaya ɓangaren ba. Da an fara, da ƙofar ta ƙuntata.

Aka ba mu izini, su ma aka ba su damar gyara amsarsu, aka ɗage. Da na miƙa wa Alhaji bil ya juya takardar gaba da baya ya ce "Barista, kuɗin me kuma, ai ko fara shari'ar ba a yi ba."