Yadda fuskar Co2MnSi ta ba ni aiki

Co2MnSi a takarda abin sha'awa ne wallahi. Gami ne na kobal da manganis da silikon, ɗan gidan Heusler, wato wani rukunin gami mai tsarin atom na musamman, kuma rabin-ƙarfe ne, ma'ana ilektron, waɗanda kowannensu yana da sifin, wato ɗan maganaɗisunsa mai kallon sama ko ƙasa, sun rabu biyu: masu sifin sama suna wucewa abinsu, masu sifin ƙasa kuwa giɓi ne a gabansu, ba hanya. Tun 1983 de Groot da abokan aikinsa a Nijmegen suka taso da maganar rabin-ƙarfe a kan wani gamin, NiMnSb. Da na zuba dunƙulallen Co2MnSi, wato cikinsa ba tare da fuska ba, a manhajar lissafi ta Quantum ESPRESSO komai ya fita ras, ƙa'idar irin waɗannan gami ta ce ka ƙirga ilektron na waje ka cire 24 ka sami ƙarfin maganaɗisu, ilektron 29 ka cire 24 saura 5, kuma magneton ɗin Bohr 5 ɗin na samu (shi ne ma'aunin maganaɗisun), giɓin ma yana nan daram.

Sai malamina ya ce to yanzu yanka shi mu ga fuskar (001), ɗaya daga cikin fuskokin da ake iya yanka gamin, ai na'ura da fuska take aiki. Nan fa aka yi ta. Na jera shimfiɗun atom, na bar fili kamar angistirom 15 a sama don kada yankin ya riƙa jin kwafinsa da manhajar ke maimaitawa a samansa, na sake su su zauna inda suka ga dama, kwamfuta ta kwana tana gurnani ga ɗauke wuta, Allah dai ya sa ina ajiye aikin a kai a kai. Da sakamako ya fito, in kobal ne a sama giɓin ya tafi, in manganis da silikon ne ma sai ka ga wasu matakai sun tsiro a tsakiyarsa. Dalili kuwa atom ɗin sama ya rasa maƙwabta, haɗin da ke tsakanin kobal da manganis wanda shi ya buɗe giɓin ya tsinke. Abin mamaki maganaɗisun manganis na sama ƙaruwa ma yake, amma ina amfanin baɗi ba rai.

Fuskar da ta tsira ita ce ta manganis zalla, daidai da abin da Hashemifar da Kratzer da Scheffler suka samu a 2005. Shi ya sa yanzu kafin in yarda da kowane lissafi sai na leƙa shimfiɗar tsakiya, in ba ta yi kama da dunƙulallen ba to yankin ya yi siriri, ƙara masa kauri kawai, kar ka ji tausayin kwamfuta.

Kuma ni dai a ganina masu cewa kashi 100 na ilektron da ke wucewa masu sifin sama ne suna cika baki, don lissafin nan a sifirin Kelbin yake, kuma atom kowa na gurbinsa. Kobal kaɗan ya zauna a gurbin manganis, giɓin ya lalace. A Mainz a 2014 sun auna kashi 93 a zafin ɗaki, wannan da kyau sosai. Su kuma na Hokkaido da suka sa MgO, wato maganeziyam da oksijin, a tsakanin shimfiɗu biyu na gamin sun ga canjin turjiya na kashi 1995 a Kelbin 4.2, da aka zo zafin ɗaki ya dawo 354, alhali sai Kelbin 985 gamin ke rasa maganaɗisunsa. Mahaɗar nan da MgO nake kai yanzu, kuma tun ba a je ko'ina ba oksijin ya fara jan manganis.