Zakkar Dami da Jadawalin Tara

A shekarata ta biyu da fara koyarwa aka ba ni aji uku a wata firamare ta ƙauye, can arewacin Jigawa. An dawo daga hutu a Satumba, gero ya nuna. Duk wanda ya taɓa riƙe alli a karkara ya san yadda ake ƙarewa: rajista cike da sunaye, benci kuwa rabi wayam. Yau a ce wane yana wajen girbi, gobe wance ta tafi cirar gyaɗa, jibi roron wake. Ni dai a lokacin kaka abokiyar gabata ce, ina ganin ita ke sace mini ɗalibai.

Abin da manhaja ta ɗora mini a zangon shi ne jadawalin sau. Na koyar da shi yadda aka koya mini: kowa ya juya bayan littafin rubutunsa inda aka buga shi har gidan sha biyu, a rera da Turanci, ni kuma ina buga tebur da tsumagiya. Muryarsu har ƙofar masallaci. Hedimasta in ya gifta sai ya gyaɗa kai, aiki na tafiya. Amma tsayar da yaro guda ka ce masa shida sau bakwai, sai ka ga leɓensa na motsi, ya koma farkon waƙar ya taho, in ya yi tuntuɓe a hanya shi ke nan. Abin da ya fi ci mini rai wata yarinya ce mai tallan ƙuli-ƙuli, wadda ban taɓa ganin ta yi kuskuren canji ba, ta ci sifili a gwajina.

A kwalejin ilimi an karantar da mu Jerome Bruner, masanin nan na Amurka da ya bayyana tun shekarun 1960 cewa yaro kan fara gane abu da hannunsa, sannan da hoto, daga baya da alama. Na rubuta a jarrabawa na ci, na bar shi can. Sai da tura ta kai bango na tuna da shi. Na sayo mudun gyaɗa na raba musu su yi ƙirga. Kafin a kaɗa ƙararrawa huɗu sau bakwai ta koma huɗu sau biyu, ƙarƙashin benci duk ɓawo. Laifina ne, wa ya aike ni ba wa kura ajiyar nama. Washegari na ce kowa ya zo da abu talatin da ba a ci: marfin lemo, tsakuwa, 'ya'yan tsamiya, ko karan dawa da aka yayyanka.

Dabarar da ta fara buɗe mana ido a dandalin 'yan dara na tsince ta. Gurbin dara layi biyar ne, kowane layi rami shida, talatin ke nan. Na haƙa irinsa a filin makaranta, na tsayar da rabin aji ta gabas, rabi ta kudu. Na gabas suka ce biyar sau shida suke gani, na kudu suka rantse shida sau biyar ne, gardama ta kaure. Wani ɗan ƙaramin yaro da ba ya cika magana ya zagaya ramukan sau biyu, ya ɗago kai ya ce, "Malam, ashe duk ɗaya ne!" Muka koma allo muka fara goge maimaici. Daga ɗaya zuwa goma amsoshi 100 ne, da aka cire tagwaye suka koma 55. Muka sallami gidan ɗaya da na goma, saura 36. Gidan biyu ninki ne kawai, gidan biyar kuwa yaran da ke ƙirga kuɗi biyar-biyar ba sa buƙatar malami a kansa, saura 21. Da na rubuta 21 ɗin nan ajin ya yi wata irin ajiyar zuciya da har yau nake tunawa.

Makarantar tana da 'yar gona a bayan ajujuwa. Da dawa ta isa yanka, ƙungiyar iyaye da malamai ta kira gayya ranar wata Asabar. Maza suka zo da lauje, mata suka aiko da kunu a manyan robobi, yara na ta jigilar zangarniya. Bayan an gama aka zauna a inuwar darbejiya, hedimasta ya ce kowane aji ya nuna wa iyaye abin da ya koya. Na fito da nawa da guntayen karansu, don neman suna na ce su yi gidan tara. Suka jera tara-tara suna ƙirga ɗaya bayan ɗaya, suna ɓata, suna sakewa. Zufa ta karyo mini.

Wani dattijo da ke gefe, kakan ɗaya daga cikin yaran, wanda bai taɓa shiga ajin boko ba, ya matso da buzunsa ya ce, "Malam, wannan ai zakka ce kuke ta wahala a kai."

Na ce, "Kamar yaya, Baba?"

Ya tattara karan ya yi tsibi uku, goma-goma. Ya dubi jikansa: "Kai, gonar da ruwan sama ya shayar, dami goma nawa ake fitarwa?" Yaro ya ce ɗaya. Dattijo ya zare kara ɗaya daga kowane tsibi ya ajiye gefe. "To dami talatin, an fid da uku. Nawa za ka kai rumbu?" Kafin ya rufe baki yara wajen biyar sun ce ashirin da bakwai. Ya ƙara tsibi har bakwai. Mai ƙuli-ƙulin nan ko kallon karan ba ta yi ba, ta ce, "Saba'in ba bakwai, sittin da uku." Haka dama kakanninmu ke ƙirga, sha tara su ce ashirin ba ɗaya. Hanyar tana cikin bakin yaran tun daga gida, ni ne na sa su ajiye ta a ƙofar aji tare da takalmansu. Gidan tara ya fita, saura 15.

Sai kuma na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na gyaɗa tsada. Daɗin tsakuwa ya ɗebe ni, na bar su da ita har jarrabawar Disamba. A ɗakin jarrabawa babu tsakuwa, sai ga yara suna zana sanduna hamsin da shida a gefen takarda suna ƙirgawa, lokaci ya ƙare wasu ba su kai tambaya ta biyar ba. Sakamakon bai fi na masu waƙa da wani abin kirki ba. Yaron da ke ƙirga tsakuwa ɗaya-ɗaya da wanda ke komawa farkon waƙa, jirgi ɗaya ya kwaso su.

A zango na biyu na aro faifai daga gida. In jera marafan lemo layi-layi, in nuna kamar ƙiftawar ido, in kife faifai, su faɗi amsa. Bayan mako biyu muka koma ɗigo a allo, daga nan lambobi zalla. Kowace safiya kuma minti biyar na bita, a tsallake, ba a jere ba. Na daina zagin hadda. Wanda ya yi makarantar allo ya san abin da ba a tilawarsa zubewa yake, sai dai yanzu sun san abin da suke haddacewa.

Masu fashin kaka ma na sauya musu. Duk wanda zai tafi gona ina ba shi aiki: ya ƙirgo damin da aka ɗaure, nawa amalanke ke ɗauka a sawu guda, sawu nawa aka yi. Da lambobinsu muke darasi ranar da suka dawo.

Bakwai sau takwas ce dai har yanzu take kayar da su, ban samo mata magani a dara ko a rumbu ba. Na taɓa tarar da dattijon nan a kasuwa na kai masa kuka. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wannan kuma taka ce, Malam. Ai kai ake biya albashi."