Haɗa maɓallai da fitilun allon sarrafa injin CNC na gida

Injin da na haɗa na sassaƙa katako ne wanda kwamfuta ke sarrafawa, wato CNC: manhajar GRBL 1.1 a kan ƙaramin allon Arduino Uno, da sifindil (motar da ke juya bakin sassaƙa) mai kilowat 1.5 wanda inbata, na'urar da ke daidaita gudunsa, ke juyawa. Kafin in huda murfin akwatin sarrafawa, sai da na raba maɓallan gida biyu: waɗanda za su iya bi ta kwamfuta, da waɗanda ba za su bi ta can ba ko da wasa.

Na gaggawa shi ne na farko, jan nan mai kan lema a kan da'ira rawaya. Yana da bakin haɗi biyu. Wanda yake a rufe kullum na jera shi da koyil ɗin kontakta, wato babban makunnin da ke ba direbobin motocin injin wuta, don haka ko waya ce ta tsinke injin zai tsaya, ba sai manhaja ta yarda ba. Ɗaya bakin, wanda yake a buɗe, shi ke kunna jar fitila.

Akwai wasu maɓallai uku da GRBL ya riga ya ware musu ƙafafu a jikin Arduino: A0 sake saiti, A1 dakatar da tafiya, A2 ci gaba. A ƙa'ida kowane maɓalli ƙafarsa kawai zai haɗa da GND, wato layin sifilin volt. A kan tebur hakan ya yi aiki lafiya lau. Da aka kunna sifindil kuwa, sai injin ya riƙa tsayawa da kansa a tsakiyar aiki ba wanda ya taɓa shi. Rizistan da ke cikin guntun Arduino, mai riƙe ƙafar a volt 5, tsakanin kilo-om 20 ne zuwa 50, ba shi da ƙarfi. Doguwar waya a kan irin wannan ƙafa eriya ce, duk hayaniyar inbata sai ta kwaso.

Kafasita mai nanofarad 100 tsakanin ƙafa da GND ta rage matsalar, amma ba ta kashe ta ba. Abin da ya kashe ta shi ne mayar da maɓallan kan volt 24, kowanne ya bi ta opto PC817, ɗan guntu mai isar da saƙo ta haske ba tare da wutar ɓangarorin biyu ta haɗu ba, kafin ya isa Arduino. Lissafin ba wuya: a cire volt 1.2 na fitilar cikin opto daga 24, a raba da om 2,200, an sami kusan miliam 10. Rizistan zai ƙona kusan kwatar wat, saboda haka mai rabin wat na sa, mai kwata zafi yake yi har ya canza launi. Kada kuma a haɗa GND na volt 24 da na Arduino, in an haɗa, opton ya zama ado. Wayar maɓallan mai sulke ce, sulken a ɗaure da jikin akwati ta gefe ɗaya, kuma ba ta bin hanya ɗaya da wayar sifindil. Inda dole su haɗu, sai su gitta juna.

Faifan maɓallan motsa kan injin ta X, Y da Z kuwa, mai maɓalli 16 ne, layi huɗu a kwance huɗu a tsaye, waya takwas. Na ɗora shi a kan Pro Micro, saboda guntun ATmega32U4 kwamfuta na ɗaukarsa a matsayin kibod ta USB. Matsalar irin wannan jeri ita ce in an danna uku da suka yi kusurwa, sai na huɗu ya bayyana alhali ba a taɓa shi ba. A wajen rubutu wannan ba komai, amma a nan yana iya zama Z, mai motsin sama da ƙasa, ya nutsa cikin katako. Dayod 1N4148 ɗaya a kowane maɓalli, duk suna fuskantar gefe guda, shi ne maganinsa. Faifan roba na kasuwa ba ya barin a sa dayod, shi ya sa na jera nawa da maɓallai ɗaiɗai. A manhaja na sa jiran milisakan 10 don rawar bakin haɗi. A sani kuma, kibod ne: in wata taga ce a gaba a kwamfutar, can dannawar za ta tafi. Wannan kaɗai ya isa ya hana a sa maɓallin tsayarwa a cikinsa.

Fitilun AD16 ne masu ramin milimita 22, na volt 24, rizistansu a ciki. Fara na nuna akwai wuta, ja gaggawa, kore sifindil na juyawa. Koriyar ba daga umarnin Arduino na ɗauko ta ba, daga rilen inbata ne, wanda na saita ya rufe lokacin da inbatar ke gudana. Umarni na iya fita inbata ta ƙi tashi saboda kuskure, fitila kuma ta ce komai lafiya. Wanda yake son kunna su daga ƙafar Arduino ya sa guntun ULN2803 mai kunna kaya masu wuta mafi ƙarfi a tsakani, domin ƙafar volt 5 ce, ba za ta kunna fitilar 24 ba.

Kowace waya na maƙala mata lamba a bakinta biyu, na matse mata hular ƙarfe kafin ta shiga tamina, domin wadda aka shafa wa dalma sassautawa take yi a ƙarƙashin sukuru in girgiza ta daɗe.